Kifin nan mai manne wa gilashi, da yawon da na sha a shagunan Jamus a kansa

Ƙanena barka da war haka, ya aiki, ya jikin Umma? Tun ranar da na tura maka bidiyon nan kake damuna da tambaya, wai wane irin kifi ne wannan kamar mota ta bi ta kansa, kuma a ina na samo shi. To yau ba aiki, bari in zauna in ba ka labarin tun daga tushe tunda kace kai ma kana sha'awar ajiyewa.

Sunansa na masana Sewellia lineolata, asalinsa ƙoramun kan dutse na tsakiyar Biyetnam, irin ruwan nan mai gudu da ƙarfi wanda in ka tsoma ƙafa sai ya nemi ya kwashe ka. Tsawonsa bai wuce santimita 6 ba. Wannan faɗin da ka gani fikafikansa ne na gaba da na ciki suka baje suka zame masa kamar faifai, da su yake kama dutse ya lafe ruwa yana wucewa ta bayansa. Yana da 'yan uwa, akwai Beaufortia na kudancin Chaina, akwai Gastromyzon na tsibirin Borneo, a shago kuwa duk haɗa su ake yi a tanki ɗaya a liƙa musu sunan da aka ga dama, wasu har suna ce masa pleco alhali pleco dangin tarwaɗa ne daga Kudancin Amurka, ba abin da ya haɗa su sai son lasar gilashi.

Farkon inda na je wani ƙaton shago ne irin wanda ake sayar da abincin kare da yashin mage da kejin tsuntsu duk a rufi ɗaya. Gaskiya wajen kaya ba a magana, tankuna jere ga fitilu ga tsabta, abin da duk ka nema yana nan. Amma yaron da ke wurin da na nuna masa kifin ce min kawai yayi ai wannan mai goge gilashi ne, ka zuba shi ka manta, ya sa raga ya kamo min guda uku ya ɗaure a leda. Ya dai haɗo min da wata takarda, don doka ce a nan tun 2014 mai sayar da dabba sai ya ba ka bayanin yadda ake kula da ita a rubuce, kuma ba a sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da yardar iyaye. Ni kuwa Jamusancina a lokacin sai a hankali, na cusa takardar a aljihu ban ko duba ba. Tankina sati ɗaya da haɗawa, gilashi fes, hita na kan digiri 27, ruwa kwance kamar na randa. Kafin kwana goma, biyu daga cikinsu sun mutu, na ukun ya maƙale can sama kusa da bakin filta yana numfashi da ƙyar.

Shine wani abokin aikina ya kwatanta min wani ɗan ƙaramin shago na kifi zalla, wani dattijo ne a ciki. Wallahi mutumin nan sai da ya titsiye ni kamar na zo neman auren 'yarsa: tankin lita nawa ne, yaushe ka haɗa shi, injinka na juya ruwa lita nawa yake turawa a awa, zafin ruwan nawa. Da na gama amsawa ya girgiza kai yace ba zai sayar min ba. Da kuɗina a hannu fa! Yace in je in kawo masa ruwan tankin a kwalba, ya ɗiga masa magani ya nuna min launin, yace ka gani, naitirait ne wannan, guba ce. Shi ya fahimtar da ni cewa kashin kifi yana zama amoniya, sai wasu bakteriya da ke zama cikin soson filta su maida ita naitirait, wasu su sake maida wannan naitiret mai sauƙin illa, kuma kafin su taru sai an yi sati huɗu zuwa shida. Ban da haka kifin ma ba shi da abin ci a sabon tanki, don abincinsa wannan santsin ne da gansakukar da ke fitowa kan dutse da ƙananan halittun cikinta, wato tsabtar da nake taƙama da ita yunwa ce a wurinsa. Ranar haushinsa na ji sosai, amma yanzu ko soso zan saya wurinsa nake zuwa duk da ya fi nisa.

Kan maganar kaya kuma. Tankina mai tsawon santimita 80 ne, lita 112, kuma ƙa'idar da masu kiwon ke bi ita ce injin ya juya ruwan tankin aƙalla sau goma a awa, kaga kenan sama da lita 1,000. Na fara da wani injin mai araha da na yi oda ta intanet, ba shi da ko sunan kirki a jiki, dare ɗaya ya hana ni barci da gurnani kamar janareta. Abin da ya burge ni shine kayan da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka maida ba tare da dogon bayani ba, na maida aka dawo min da kuɗina. Na koma na ɗauki filtar Eheim, kamfanin nan ƙasar ne tun 1949, sai ka kara kunne kafin ka san tana aiki, kuma in wata 'yar roba ta lalace ita kaɗai za ka saya ka sauya. Sabon kaya a nan doka ta ba ka shekara biyu in ya zo da matsala. Hitar kuwa na cire ta na ajiye, kifin digiri 20 zuwa 24 yake so, ɗumin ɗaki ya ishe shi.

Shi kifin ma ana odarsa ta intanet, a kawo maka washegari cikin kwali mai kumfa irin na kula. Ni dai ban yarda da wannan hanyar ba, saboda yawancinsu daga daji ake kamo su suna isowa a rame, a shago kuwa tunda gilashi yake mannewa kana ganin cikinsa ƙuru-ƙuru, in ya lotsa ka bar musu kayansu. Mafi kyau da na samu wurin masu kiwo ne a gida, suna da ƙungiyoyi sukan haɗu a wani zaure kowa da bokitansa, kifinsu a tanki aka haife shi ya saba da abincin gwangwani.

Yanzu shida gare ni. Na jera musu duwatsu masu sulɓi, wasu duwatsun kuma ina jiƙa su a roba a bakin taga rana na dukansu, in sun yi kore in saka musu in ɗauke waɗanda suka suɗe, nakan ƙara da ƙwayar abincin kifi ta spirulina, wato wani nau'in gansakuka, da daskararriyar jar tsutsa. In na dawo aiki kujera nake ja in zauna. Mazan faɗansu abin dariya ne, ba cizo ba jini, kowa ƙoƙari yake ya hau kan ɗan uwansa ya danne shi, su yi ta zagaye a kan dutse ɗaya har wani ya gaji ya sulale, wanda ya ci kuma ya baje a wurin kamar ya biya haya. In ka leƙa ta sama macen ta fi cika, namijin kuma yana da 'yan ƙuraje a kai da gaban fikafikai.

Abu biyu ka riƙe kafin ka fara. Murfi dole ne, don yana hawa gilashi ya fice. Sai zafi, ruwa in ya ɗumama oksijin ɗinsa raguwa yake, ko ni nan da bazara sai da na kafa 'yar fanka tana hura saman ruwan, kuma in ka san wuta na ɗaukewa ka tanadi injin iska mai batir tun kafin kifin ya shigo, wannan ba irin wanda zai jira ba ne.

Shekaranjiya ina sauya ruwa na hango wani abu kamar tsinke yana motsi a tsakanin tsakuwa, ashe sun yi ƙwai ban sani ba, na ƙirga 'ya'ya huɗu, na yi sauri na ɗaura soso a bakin filta kar ta zuƙe su. Ka auno min tsawon wurin da kake son ajiye tankin, da zafin ɗakin da rana tsaka, ka turo min. A gaida Umma da su Yaya.