Kaptur a kwamfuta: wanda ya zo da Windows ya ishe ku

Jama'a don Allah a daina ɗaga waya ana ɗaukar hoton fuskar kwamfuta. Hoto ya fito a karkace, layi-layi ya cika shi, ga hasken taga ga inuwar mai ɗaukar har da hularsa, wai kuma a karanto lambar dosiye a ciki. Alhali mashin ɗin yana da abin yin kaptur nasa, wato ɗaukar hoton fuskar daga cikin mashin ɗin, ko dala ba ka biya kuma ba ya cin mega.

Ni aikin buga takardu da fotokofi nake nan wajen kasuwar Dole, da shi nake wuni. In Windows ɗinka na Faransanci ne sunansa Outil Capture d'écran, a mashinan da ake kawowa daga Kano kuma Snipping Tool. Ba sai ka tsaya nemansa ba ma, danna maɓallin Windows da Maj da S tare, Maj ɗin shi ne Shift a wani klabiyen, fuskar za ta ɗan yi duhu sai ka ja ka yanko daidai wurin da kake so, ka shiga WhatsApp ko Word ka yi Ctrl da V, shikenan ya zauna. In fuskar duka kake so kuma a ajiye maka, Windows da Impr écran, za ka tarar da shi a Images cikin Captures d'écran. Wasu portabul ɗin sai ka haɗa da Fn. Masu Windows 7 ku yi haƙuri, ta menu za ku buɗo naku.

Na Windows 11 ya fi daɗi gaskiya, tun 2023 yana ɗaukar bidiyon fuskar kuma yana ciro rubutu daga cikin hoto ka kwafe, ba sai ka sake bugawa ba. To amma mu nan Damagaram yawanci tsofaffin mashina ne 'yan okaziyo masu Windows 10, wanda Microsoft ta daina yi wa gyara kyauta tun 14 ga Oktoba 2025. A kansu in ka yanka da Maj da S ɗin nan ba ya ajiyewa da kansa, sai ka danna ɗan saƙon da ke leƙowa a ƙasa ka yi masa suna, in ba haka ba ka kwafi wani abu ko a ɗauke kuran, ya tafi. Kunna Windows da V yana ɗan taimakawa, yana riƙe abubuwa 25 na baya da ka kwafa, amma in mashin ya mutu su ma sun bi.

Shafi mai tsawo ne abin kaptur ɗin bai iya ba. Ɗaliban jami'ar André Salifou kan zo da jerin sunaye wanda sai an yi ta gangarawa, a nan Edge nake buɗewa, abin shiga intanet na Windows, Ctrl da Maj da S, ya ɗauko shafin tun daga sama har ƙasa.

Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto, ƙananan rubutu su dushe. Tura shi a matsayin dokima, zai je yadda yake. Kuma kafin ka jefa rasit ɗin tura kuɗi a gurup, ɗauki biron da ke cikin abin kaptur ɗin ka shafe lambar waya da kod, sakan nawa ne. Masu son Lightshot, wani abin kaptur da ake saukewa daga intanet, yana da sauri ban musa ba, sai dai in ka danna lodawa hoton yana hawa intanet ne, duk wanda ya samu adireshin zai gani, ni dai ba na sa takardar kastoma a can.

Takwas cikin goma na ba na Windows ɗin. In a siber ka yi aiki, buɗe Captures d'écran ka goge naka kafin ka tashi, ka zubar da kwandon sharar ma, don katin ɗan ƙasa na mutane da nake tararwa a namu mashinan ba kaɗan ba ne.