Yaya, Kada Ka Kai Bijimin Maigatari Tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Na saurari saƙon muryarka har sau biyu a cikin jirgin ƙasa, hanyar komawa gida daga wurin aiki. Ka ce motar tana tafiya lafiya ƙalau daga Gumel, sai ka zo wuce tirela ka taka totur, ƙarfi ya ɗauke kamar an riƙe ta ta baya. In ka kashe ka sake kunnawa sai ta warware. Ka ce bakanike ya saurari injin ya yanke hukunci cewa turbo, na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, ya mutu, har kana shirin kai bijimi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Don Allah ka dakata, tawa ta yi min haka bara a nan Hambog, ƙasar Jamus.

Kafin ma a duba motar sai da na jira kwana tara, don a nan ba a faɗo wa gareji haka kawai, rana ake ba ka kamar ganin likita. Kuɗin hannu kuma da awa ake lissafa shi, a manyan gareji awa ɗaya takan haura Yuro 100, ko sukurudireba mutum ya juya. Na tuna yadda a gindin darbejiya za a kwanta ƙarƙashin mota tun hantsi har la'asar, a tashi a ce "ba da abin da ya sauwaƙa".

Abin da ya burge ni shi ne, bakaniken bai taɓa sifana ba sai da ya jona kwamfuta a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari. Lamba ta fito, P0299, ma'ana iskar da turbo ke turawa ba ta kai yadda ake so ba. Da ta yi yawa ne, P0234 za ta nuna. Muka fita titi yana gefena da kwamfutar a cinya, yana kallon layi biyu: iskar da ƙwaƙwalwar motar ke nema, da wadda take samu. Da suka yi nisa da juna sai motar ta rage wa kanta ƙarfi don kada injin ya lalace. Wannan sanyin jikin da kake ji dabara ce ta kare kai, shi ya sa kashewa da kunnawa ke dawo da ita.

Tsakanin ƙwaƙwalwar da turbo akwai wani ɗan bawul baƙi, bai fi kwalin ashana biyu ba, da bakin tiyo uku da soket mai waya biyu. Makanikan Volkswagen da Audi N75 suke ce masa. A motarka mai fetur, hayaƙin injin ne ke juya turbo, kuma akwai 'yar ƙofa da ke buɗewa ta karkatar da hayaƙin in iska ta isa. Bawul ɗin ne ke ƙayyade lokacin buɗewarta, kamar mai tsaron bakin kwalbati a fadamar Haɗejiya. A tawa mai dizal zuƙar iska yake sarrafawa, ita ke motsa wasu fukafukai a cikin turbo, waɗanda baƙin hayaƙi kan maƙale su in mota ba ta samun doguwar tafiya.

Ya sa mita a bawul, lafiya. Ya sa ɗan famfon hannu ya zuƙe iska, sandar turbo ta motsa sumul. Sai ya bi tiyo da yatsa, santimita bayan santimita, ya tsaya ya yi dariya. Huda huɗu ƙanana, sawun haƙori. Akwai wata dabba a nan mai kama da tunku, tana shiga ƙarƙashin bonet da dare saboda ɗumi, ta tauna roba. Har inshorarta ake yi, wallahi. Tiyon da bai kai kamu biyu ba shi ya hana ni barci mako guda.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Da turbo ne ya maƙale, yawancinsu ba za su wanke ba, sabo za su ɗaura su miƙo maka takarda, don lokacinsu ya fi ƙarfen tsada. Yaranmu na Ƙofar Ruwa kuwa za su warware shi gunduwa-gunduwa su tayar da shi. Hannu muna da shi, awo ne ba mu saba ba. Inda suka yi mana nisa shi ne kaya: lambar jikin abu kake bayarwa a kawo maka daidai shi, sabon kaya yana da shekara biyu na haƙƙin gyara ko canji, wanda ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar. Mu kuwa ɗan Kwatano in ka fita daga shago shi ke nan, sai addu'a.

Ga abin da nake so a yi kafin Alhamis. A cire tiyo ukun nan ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa a rana a duba tsagewa, don zafinmu na busar da roba har ta koma kamar ƙirgi. A sa musu alama kafin a cire, domin in aka juya su ciwon zai ƙaru. A duba babban tiyon iska ko kilif ya saki, za ka ga jiƙar mai a wurin. A buɗe filtar iska, na san abin da ƙurar hanyar Maigatari ke yi mata. Mai gyaran wutar mota ya sa mita a bakin bawul, na mai fetur yakan nuna om 25 zuwa 35. In kuma turbo ne da gaske, ba ya ɓuya: shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, kuka kamar jiniya, kuma sandar cikinsa na girgiɗi in an taɓa.

Ka ɗauko min hoton lambar da ke jikin bawul ɗin, a goge ƙurar tukuna don ta fito. Akwai wanda zai sauka Kano ƙarshen wata, zan haɗo shi da sabo da mita biyu na tiyo da 'yar na'urar karanta lamba da ake haɗawa da waya. A gaishe min da Inna, a ce mata man zafin ma yana cikin kayan.