Saitin fiyano da saitin kunne: wanne ne daidai?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa na'urar auna sauti ke nuna fiyanonka yana kan saiti cif, amma da ka danne maɓalli uku ka riƙe sai ka ji wata 'yar rawa a cikin amon, alhali mawaƙa uku kan haɗa murya ta fita sumul. Fiyanonka lafiyarsa ƙalau. Saiti iri biyu ne kunnenka ya kama, kuma kowanne da abin da ya sadaukar.

Da haruffa ake kiran sautukan maɓallan fiyano. Ɗauki sautin A, wanda aka tsayar a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa. Mawaƙin da ke bin kunnensa, idan zai ɗora E a kai, kaɗawa 660 zai nema, wato uku bisa biyu. Sauti na uku da ke tsakiyansu kuma 550, biyar bisa huɗu. Lissafin ya hau ba ragowa, shi ya sa amon ke kwanciya luf. Fiyano ba ya ba ka waɗannan. E ɗinsa 659.26 ne, na tsakiyan kuma 554.37.

Dalili? Saitin kunne ba ya rufe da'ira. In ka yi ta hawa da uku bisa biyu har sau 12, ya kamata ka dawo kan A, amma sai ka zarce da kusan kwatan tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. Dole a ɓoye wannan rarar a wani wuri. Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya fitar da lissafin raba ta daidai-wa-daida a 1584, Simon Stevin na Holan ma ya yi nasa a wannan zamanin. Aka yanka tazarar A zuwa A na sama gida 12, kowane gida kuma aka kasa shi kashi 100 da ake kira sent. Kowa ya ɗauki ɗan kasonsa na kuskure, sai dai kason bai zo ɗaya a kunne ba. E ya kauce da sent 2 kacal, wanda ba kowa zai ji ba. Na tsakiyan nan ya haura da kusan sent 14, kuma shi ne mai laifin: yana gogayya da A kusan sau 17 a daƙiƙa. Rawar da kake ji ke nan.

A fiyanon katako mai tsirkiya, amo kan dusashe kafin kunne ya gama tuhumarsa. Sintesaiza kuwa, wato fiyanon lantarki, riƙe sauti take yi muddin yatsa na kai, ga kaifi, don haka komai a fili yake. Tsofaffin sintesaiza ma sun fi rufa asiri. Minimoog ta 1970 saitinta kan zame idan cikinta ya ɗau zafi, har Prophet-5 ta 1978 ta zo da maɓallin da ke maido da saiti. Wannan 'yar zamiyar takan kauraya amon, shi ne ɗumin da masu kiɗa ke yabo har yau. Da Yamaha DX7 ta fito a 1983, zamiya ta ƙare, kowane maɓalli ya tsaya kan lambarsa ƙyam. Auto-Tune, manhajar gyara saitin murya, ta zo a 1997 ta ja muryar mawaƙi ita ma zuwa kan gidajen nan 12. Abin da ke damuna a situdiyoyinmu ke nan, don mai goge ko kukuma ba shi da gidaje a jikin tsirkiyarsa, inda kunne ya ce nan yatsa ke sauka, kuma da aka koma fiyano da yawa daga waɗannan lanƙwasar sun ɓace.

To wanne za ka bi? In waƙarka tana yawo daga wannan mazauni zuwa wancan, wato tana sauya sautin da aka gina ta a kai, ko kana ɗaga ta don ta dace da muryar mawaƙiya, tsaya kan na fiyano. Saitin kunne a mazauni ɗaya yake da daɗi. Saita shi kan A, sannan ka haɗa B da F mai kaifi, wato baƙin maɓallin da ke gaba da F, za ka ji sun gaza uku bisa biyu da kusan sent 22, amo mai ɗaci da ba ya ɓoyuwa.

Amma in kiɗan yana zaune wuri guda, da doguwar shimfiɗar amo a ƙarƙashin murya, ni na kunne nake zaɓa ba tare da shakka ba. Fiyanonin Yamaha na jerin PSR-A, waɗanda aka ƙera don kiɗan Larabawa, suna da maɓallan sauya saitin kowane sauti, wasu manhajojin kwamfuta ma haka. Sauke na tsakiyan nan da sent 14, ka riƙe maɓallan uku, ka saurara.