Gargaɗi ga masu Hilux a Kaduna: masu "wankin nozul" suna musanya wa mutane kaya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu tsofaffin a-kori-kura ne, musamman masu Hilux da ke jigila tsakanin Kawo, Mando, Rigasa da Kakuri, da masu ɗauko hatsi daga ƙauyuka. Akwai wasu mutane da ke yawo cikin ƙaramar mota, ba gareji ba allo, suna bin wuraren da direbobi ke jiran lodi suna cewa su ƙwararru ne a wankin nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, da kwamfuta. Abin da suke yi sata ce tsagwaronta. Sun yi wa kawuna, kuma da muka fara tambaye-tambaye sai ga wasu direbobin da labari iri ɗaya.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ga man gas shi ma ya yi tashin gwauron zabi, duk wanda ya ce maka zai rage wa motarka shan mai dole ka saurare shi. Da wannan suke shigowa. Ɗaya zai zagaya bayan mota ya sa yatsa a bakin salansa, ya nuna maka baƙin da ya fito, ya ce, "Alhaji, ai kuɗinka ne ke fita ta nan." Dubawa kyauta ce, in ji su. Sai su jona 'yar na'urarsu a ƙarƙashin sitiyari, ɗayan kuma yana gaban bonet. Cire soket ɗaya kawai ya isa fitilar gargaɗi ta kama, lamba ta fito a na'ura. Su nuna maka rubutun Turanci su ce nozul biyu sun kusa mutuwa, in ba a wanke yau ba inji zai buga. To, wace tsohuwar motar gas ce za ka sa yatsa a salansarta ya fito fari?

Motar Kawu Hilux ce mai gas, irin mai injin D-4D da aka fara yayinta wajen 2005. Nozul ɗinta guda huɗu na kamfanin Denso ne, na asali, kuma duk mai irin wannan mota ya san tsadarsu ba ta wasa ba ce. Suka kwance su a gabansa, suka ce injin wankin yana shago, ya ba su awa biyu, ya kuma ba da kafin alƙalami na sinadari. Kawu ya ce yaron motarsa ya bi su. Sai babbansu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ɗana ma ba na bari ya shiga ɗakin nan, ƙura ce ke lalata aiki." Maganar ƙura gaskiya ce, don ana haɗa irin wannan nozul ne a wuri mai tsabta ƙwarai, amma su sun mai da ita labule. Bayan la'asar suka dawo da nozul huɗu suna ƙyalli a cikin leda, suka ɗaura, suka goge lambar da ke na'ura, fitila ta mutu, suka karɓi cikon kuɗi.

Kwana kaɗan mota ta fara wahalar tashi da safe, tana karkarwa a silo, inji na ƙara kamar ana buga guduma, hayaƙi kuwa sai wanda ya gani. Lambar wayarsu a kashe. Da aka kai ta wurin mai gwaji na gaske aka kwance, sai ya ce waɗannan ba nata ba ne. Gajiyayyu ne da aka tsinto, aka goge bayansu da burushin waya aka fesa musu man wanke kafireta. Nata masu lafiya sun tafi kasuwa a matsayin 'yan Beljiyom.

Yadda ya gane shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. A yawancin nozul na irin wannan inji akwai lambobi da haruffa a samansu, kowane da nasa. Wannan lamba ita ke gaya wa kwamfutar mota ɗan bambancin feshin kowane nozul, kuma tana ajiye a cikin kwamfutar. Da ya jona na'urarsa ya karanto lambobin da mota ta sani, ya gwada da na jikin nozul, ko ɗaya bai dace ba. Shi ya sa duk wanda ya sauya maka nozul a D-4D bai shigar da sababbin lambobi ba, ya bar aiki rabi, ko da kayan masu kyau ne.

Akwai ɓarna ta biyu da ta fi ta farko ban tsoro. Ƙarƙashin kowane nozul akwai 'yar wosha ta jan ƙarfe da ke toshe tsakaninsa da kan inji. Sau ɗaya ake amfani da ita. Mutanen nan tsofaffin suka mayar. Idan wosha ta fara yoyo, iskar konewa na hawowa ta gauraya da baƙin mai, ta zama dasƙararren gawayi, ya gangara ƙasa ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta ciki. Daga nan sai inji ya rasa mai ya ƙone, kai kuma kana can kana zargin mai juye. Allah ya taimaki Kawu an gano da wuri, aka sauke kwanon ƙasa aka wanke.

Wankin nozul na gaskiya yana nan, kuma yana da amfani, musamman ga mai shan man 'yan bumburutu. Sai dai aiki ne da ake yi a gaban idonka. Idan motarka mai fetur ce, ana jera nozul a injin gwaji mai kwalaben gilashi masu ma'auni, su yi feshi tare ka ga ko mai ya taru daidai a kowace kwalba, a rufe su a ƙarƙashin matsi a ga ko akwai mai ɗiga. Sannan a jiƙa su a kwanon da ke girgiza ruwa ya karkaɗe datti, a sauya 'yar rariyar da ke bakinsu da robobin da ke toshe su, a sake gwadawa ka ga bambanci. Idan tsohon injin gas ne irin 3L ko 5L mai famfo, da famfon hannu mai agogo ake gwada shi, ka ga matsin da yake buɗewa, ka ji yana "tsit-tsit" yana fesa hazo ba zirara ba. Kada ka kuskura ka tara hannu a feshin, yana huda fata. Na D-4D kuwa matsinsa ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na "bar", saboda haka ba abin da za a wanke a bokiti a gefen titi ba ne. Akwai ma gwajin man da ke komawa baya, wanda ake yi ba tare da an cire nozul daga mota ba, kuma wanda ya san aiki da shi yake farawa.

Sau da yawa ma laifin ba na nozul ba ne. Filtar mai da ta toshe, filtar iska da ƙurar hunturu ta cika, ruwa a tanki, filogi da suka gaji a mai fetur, duk suna kawo fizga da shan mai, kuma kuɗin gyaransu bai kai ko kusa da na nozul ba. Wani mai tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura ya ce shi ma sun tare shi da zancen nozul, alhali kafireta ce a motarsa. Shi kwalbar "maganin wanki" suka so sayar masa, da ya buɗe sai warin kananzir.

Don haka kafin kowa ya sa sufana, ka ɗauki hoton kowane nozul da waya yadda lambarsa za ta fito sarai, ka ɗiga masa fenti ko jan farce a inda kai kaɗai ka sani. Idan za a fita da su, ƙafarka ƙafarsu. Ba a ba kura ajiyar nama. A buɗe sababbin wosha a gabanka, a ba ka tsofaffin a hannu. Ka tambayi mutum ina garejinsa kuma wane ne shugabansu a ƙungiyar makanikai ta NATA, don wanda ke da wurin zama yana da inda za a kai ƙararsa. Kuɗi kuma ta banki, saboda sunan da ke kan asusu shi ne shaidar da za ka kai wa 'yan sanda. Kawu tsaba ya ba su, shi ya sa ba mu da abin kamawa sai kamanninsu.

Su biyu ne, wani lokaci uku, kuma suna sauya wuri da lambar waya. Duk wanda suka taɓa yi wa, kada kunya ta hana shi magana, ya sanar da shugabannin tasharsu ya kuma shigar da rahoto a caji ofis mafi kusa. A taimaka a tura wa direbobin da ke ɗaukar kaya a hanyar Zariya da ta Kachia, don su ne ke dogon zama suna jiran lodi.