Sharhi kan mai gyaran maganar yara da muka je wurinta

Iyayen da yaransu ke da nauyin baki a Birnin Kebbi da kewaye, ga abin da na gani wurin wata ƙwararriya da likitan yara ya tura mu gare ta.

Ɗana ya wuce shekara 2, kalmominsa ba su wuce "mama" da "ruwa" ba. In yana son abu, sai ya kama zanina ya ja ni wurin. Hajiya kakarsa ta ce, "Ke dai ki ƙyale shi, haka maza suke, ubansa ma sai da ya daɗe." Maƙwabciyata kuwa cewa ta yi a kira wanzami ya duba linzami.

Abin da ya fara burge ni, Malamar ba ta soma komai ba sai da aka gwada jinsa. Ta tambaya ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa na zubar da ruwa, domin duk suna iya taɓa ji, wanda bai ji sosai ba kuwa da me zai kwaikwaya? Mu da sanƙarau ke leƙowa lokacin zafi, tambayar ta shige ni. Alhamdu lillahi, kunnen lafiya lau.

Ta zayyana mini alamomin dalla-dalla. Ɗan wata 12 ya kamata yana gwaranci, yana nuni da yatsa, yana waiwayowa in an kira sunansa. Ɗan shekara 2 yakan iya kalmomi kamar 50, yana haɗa biyu, irin su "Baba tafi". A shekara 3, baƙo ya gane yawancin zancensa. Wanda ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya kuwa, ba a jira da shi. Na tambaye ta ko Zabarmancin da muke haɗawa da Hausa a gida ne ya rikita shi, ta ce sam, harshe biyu ba ya jawo wannan.

Inda ban gamsu ba: katunan hotunanta na ƙasar waje ne, abubuwan da yaro bai taɓa gani ba. Kofi da ludayi da takalminsa na riƙa zuwa da su. Kuɗin ma ba na kowa ba ne, ga jira.

Kuma yawancin aikin a gida yake. Ta ce in rage ba shi waya, in riƙa ambaton sunan kowane abu lokacin wanka da cin abinci, in ɗan dakata kafin in miƙa masa abin da ya nuna. Dakatawar nan ta fi komai wuya, don kuka yake sa mini. Yanzu dai yana cewa "ba ni kunu". Mai zuwa ta tafi da katin rigakafin yaron, za a tambaya.