Gargaɗi: Mai Tallar “Bindigar Yaƙin Burmi” Ɗan Damfara Ne

Jama'a, don Allah ku karanta wannan kafin wani ya ƙara tura kuɗinsa. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila, yana tallar tsofaffin bindigogin soja na zamanin baƙin albarushi. Abin da ke hannunsa jabu ne, wani kuma hoton kayan mutane ne kawai ya kwaso a intanet. Yana canza suna da lambar waya, don haka riƙe sunansa ba zai amfane ku ba. Salon maganarsa da irin kayan da yake nunawa za ku riƙe.

Wanda bai san harkar ba zai ce me za a yi da bindigar da ta haura shekara ɗari. A ƙasashen nan akwai ƙungiyoyi na masu harbi da irin waɗannan, ni ma ina cikin wata. Ana fita fili a ɗura albarushi, a auna allo, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai, irin yadda 'yan bindiga ke yi ranar hawan sallah. Kowa da gwanarsa. Wasu sai Enfield ƙirar 1853, wadda aka yi yaƙin Kirimiya da yaƙin basasar Amurka da ita. Wasu sai Springfield ƙirar 1861, wasu gajeriyar Sharps ta mahaya dawakai. Amma wadda ta fi shiga ran mutane irinmu ita ce Martini-Henry, wadda sojan Ingila ya karɓa a 1871, aka yi yaƙin Zulu da ita a 1879. Tana da mariƙi a ƙasa, in ka ja shi sai bayan bututun ya buɗe ka zura harsashi ɗaya. Ta asali mai lafiya tana da kuɗi, kuma ta nan mutumin ya shigo.

Martini-Henry ce babbar hajarsa. Yana cewa a Burmi aka tsince ta, wai wani hafsan Bature ya tafi da ita gida, jikokinsa suka sayar. Ya san abin da yake yi. Duk wanda ya tashi a Arewa, in ya ji Burmi sai jikinsa ya yi sanyi, don a can Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da jama'arsa ranar 27 ga Yuli, 1903, bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairu da Sakkwato a Maris. Wani dattijo a cikinmu, mutumin ƙasar Gombe, ya riga ya ba da kafin alƙalami. Shi ba maharbi ba ne, so yake ya rataye ta a falo jikokinsa da aka haifa a nan su riƙa tambaya yana ba su labari. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. A ci kuɗin mutum, a kuma ci shi da sunan waɗanda suka kwanta a filin nan.

Da aka turo mana hotunan muka buɗe su da kyau, ƙaryar tana nan a jikin ƙarfen. A gefen dama na Martini-Henry ta gaskiya akwai kambi, ƙarƙashinsa V.R., wato tambarin Sarauniya Biktoriya, sai sunan masana'anta, sai shekara. Tasa tana da kambi da V.R., shekarar kuma 1919. Sarauniya Biktoriya ta mutu a Janairun 1901. Babu masana'antar gwamnatin Ingila da za ta buga tambarinta bayan shekara 18 da binne ta, ballantana a ce bindigar 1919 ta je yaƙin 1903. Harafin N na ENFIELD, sunan masana'antar, a juye yake, sauran haruffan wani ya nutse wani ya taso, layin ma a karkace, alamar ɗaya bayan ɗaya aka buga su da hannu. Kambin kansa ya karkata gefe.

Masu tara kayan nan sun daɗe da sanin irinta. A yankin mashigin Khaibar, tsakanin Pakistan da Afganistan, musamman garin Darra Adam Khel, akwai maƙera da suka gaji kwaikwayon bindigogin Ingila tun kaka da kakanni. Suna kwafar siffa har da tambari, amma da yake rubutun ba nasu ba ne, sai harafi ya juye ko shekara ta saɓa. Bayan 2001 sojojin Amurka da suka zauna a Afganistan sun sayo su da yawa a kasuwa a matsayin tsaraba, shi ya sa suka cika gari. Wanda ya sayar da ita da sunanta, kwaikwayon Khaibar, a kuɗinta, bai cuci kowa ba. Wannan mutumin labari ya ɗora mata ya ninka kuɗin.

Kuma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Ƙarfen da aka ƙera su da shi ba wanda ya san asalinsa, kuma babu gidan gwaji da ya auna ƙarfin bututun kamar yadda ake yi a Landan da Bamingam. Harsashinta na .577/450 babba ne. In bututu ko makullin baya ya fashe, fuskar maharbi da hannunsa na hagu ne a wajen. Ya rubuta wa dattijon nan cewa tana harbi lafiya lau. Da wani yaro a gidan ya ɗauki maganar da gaske, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Hajarsa ta biyu Enfield ce ta 1853, wai ta sojan Kudu ce a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wannan sabuwa ce fil aka tsufar da ita. Kamfanonin Italiya irin su Pedersoli suna ƙera kwaikwayon waɗannan bindigogi a fili, da sunansu a jiki, kayan kirki ne kuma yawancinmu da su muke harbi. Macuci sai ya sayo ta hannu, ya sa magagari ya goge sunan kamfani da tambarin gwajin Italiya da rubutun da ke cewa baƙin albarushi kaɗai, ya shafa mata asid ta yi tsatsa, ya bubbuga katakon. In ka bi bututun da yatsa za ka ji wajen da aka goge ya ɗan lotsa. Tsatsar jiya ja ce, tana biyo tsumma. Ta shekara ɗari da hamsin baƙa-baƙa ce, ta zauna a jikin ƙarfe. In aka cire bututun daga katako kuwa, ƙasansa fes yake, don ba sa wahalar da kansu da inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa ko an roƙe shi ba ya turo hoton wajen.

Akwai kuma gajeriyar Springfield ta 1873 da yake jinginawa da yaƙin da Janar Custer na sojan Amurka ya yi a 1876. Doguwar ce aka yanke. Ta mahaya bututunta inci 22 ne tun daga masana'anta, kuma ba ta da sandar goge bututu a ƙasa. Wadda aka yanke za ka ga an cike ramin sandar da guntun katako a gaba.

Wajen biyan kuɗi ma halinsa ɗaya ne. Kullum akwai wani Bature da zai zo ɗauka gobe, sai dai shi ya fi so ta koma hannun ɗan gida. Ba ya yarda a yi kiran bidiyo, ba ya yarda a zo a gani, kuma kuɗin kirifto ko katin kyauta yake karɓa, hanyoyin da in kuɗi sun tafi ba sa dawowa. Aka ce ya rubuta ranar yau a takarda ya ajiye kusa da bindigar ya ɗauki hoto, sai ya fusata wai an raina masa mutunci.

Ku da ke gida Najeriya, ku ne ya fara nema yanzu. Yana cewa zai aiko da ita a matsayin kayan ado, babu ruwan hukuma. Ƙarya ne. Gaskiya ne a dokar tarayyar Amurka wadda aka ƙera kafin 1899 kayan tarihi ce, amma wannan doka ta tsaya a Amurka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ko bindigar toka ba ta bari ba, sai da lasisi, shigo da ita kuma sai da izini. Ko dai ba abin da zai iso sai saƙonnin a ƙaro kuɗin fito, ko kuma ta iso ka tsinci kanka da laifin shigo da makami.

Wanda ke son Martini-Henry ta gaske, ya je gidan gwanjo ko shagon da ke da adireshi, mai ba da kwanakin dubawa da mayarwa, ya kuma nemi takardar asalin duk labarin da aka jingina mata. Wanda ya riga ya karɓi wani abu daga hannun mutumin nan, kada ya ɗura mata ko ƙwayar albarushi sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba. Ya adana hirarsu da shaidar biya, ya kai ƙara wajen 'yan sanda da bankinsa, ya kuma sanar da shugabannin zauren da ya gan shi a ciki su cire shi.