SQLAlchemy da hybrid_method, abin da na gani bayan na yi aikin lissafin bashi da shi

'Yan uwa masu rubuta Python a Garwa da Marwa, ga sharhina kan SQLAlchemy, wato library na Python mai haɗa manhaja da database, musamman ɓangaren hybrid_property da hybrid_method, don su ne suka sa na zaɓe shi lokacin da nake haɗa wa wani Alhaji manhajar lissafi, ɗan kasuwa ne mai sarin shinkafa da sukari da mai, yana ba masu butik kaya bashi har can Kusiri.

Duk wanda ya taɓa aiki da ORM, wato abin da ke ba ka damar magana da database ta class ɗinka ba sai ka rubuta SQL da hannu ba, ya san wannan ciwon kan. Ka rubuta class ɗinka na Bashi, ka sa masa ɗan method mai fitar da saura, wato jimlar kuɗin kaya a cire abin da aka biya, a kan mutum ɗaya yana aiki lafiya lau. Sai ranar da Alhaji ya ce "ɗana, fito min da duk wanda saurarsa ta haura sefa dubu ɗari biyu", kai kuma ka sa method ɗin cikin query, sai abu ya ƙi. Dalili kuwa database ba ya jin Python, SQL kawai yake ji, method ɗinka yana zaune ne a ɓangarenka, can ba a san da shi ba. A Django, wanda shi ma na Python ne mai nasa ORM, in ka sa sunan property cikin filter FieldError zai ba ka, dole ka sake rubuta lissafin da annotate da F. A Hibernate na Java kuma akwai @Formula amma SQL ne tsagwaronsa zaka rubuta a ciki. Da yawa cikinmu sai mu kwaso duk layukan mu tace su da for, wanda in bashi ya kai dubbai kuma rezo na jan ƙafa zaka ji a jikinka. Ko Microsoft ma a nasu ORM ɗin, EF Core 3.0 na 2019, sun daina yin wannan tacewar a ɓoye, yanzu kuskure yake jefowa.

To a nan ne SQLAlchemy ya burge ni gaskiya. Mike Bayer ne ya fara shi, tun 2006 yake, kyauta ne, ni na yi aiki da 2.0 wanda ya fito a Janairun 2023. Ka rubuta saura sau ɗaya ka ɗora masa hybrid_property, in ka kira shi a kan bashin mutum ɗaya sai ya ba ka lamba, in ka kira shi a kan class ɗin kansa, Bashi.saura, sai alamar cirewar ta koma SQL ta shiga cikin WHERE. Na kunna echo=True, mai nuna SQL ɗin da ake turawa database, na zuba ido, wallahi ga shi nan jimla a cire biya ya fi 200000, database ne ya yi tacewar ya turo sunaye kaɗan ɗin da ake nema kawai. Shi hybrid_method haka yake sai dai yana karɓar ƙima, ni na yi wanda ake ba shi yawan kwanaki ya faɗi ko bashi ya wuce wa'adi.

Amma kar wani ya ɗauka Python ɗinsa ne ke gudu a cikin database, ba haka ba ne, kuma nan ne ya kamata a natsu. Abin da ke da kwatankwaci a SQL shi kaɗai ke wucewa. Da ka sa if a ciki, sau da yawa zai tsaya ya ce maka Boolean value of this clause is not defined, sai ka rubuta masa na biyu da .expression ka yi amfani da case, wato if na SQL. Kaga yanzu ƙa'ida ɗaya ta zama rubutu biyu, ko da yake suna maƙwabtaka a fayil ɗaya, in aka gyara ɗaya aka manta ɗaya to allo zai nuna wani abu rahoto ya nuna wani, kuma maganar kuɗin mutane ce fa, a kan irin wannan ake ɓata da abokin ciniki na shekaru.

Sai maganar NULL, wato gurbin da ke fanko a database, ita ce ta fi tsorata ni. Mai butik da bai taɓa biyan ko sisi ba, in gurbin biyansa fanko ne, Python zai yi ihu ya ce ba a cire None daga lamba, SQL kuwa shiru zai yi, sakamakon ya zama NULL, mutumin ya ɓace daga jerin masu bashi gaba ɗaya, alhali shi ne ya fi kowa cancantar a kira shi. Maganinta coalesce ne, wanda zai sa sifili a madadin NULL, ko ka sa sifili tun farko ka hana gurbin zama fanko. Ni na haɗa da gwaji mai lissafa saura ta hanyoyin biyu ya kwatanta, dan Allah duk wanda zai yi aiki da hybrid ya yi hakan.

Takardun bayaninsa cikakku ne amma da Turanci suke kuma da tsawo, mu da muka yi boko da Faransanci sai an yi haƙuri, misalan ne suka fi taimaka min. In aikinka ƙarami ne kuma ka saba da Django, annotate ya ishe ka. In kuwa lissafin iri ɗaya ne ke dawowa a rahoto bayan rahoto, ina ba da shawarar SQLAlchemy da zuciya ɗaya. Abin da ya rage min yanzu shi ne Alhaji zai buɗe shago na biyu a Ngaundere, zamu canza database, mu tashi daga SQLite mu koma PostgreSQL, kuma julianday da na ƙirga kwanakin wa'adi da shi babu shi a can, wannan expression ɗin sai na sake shi.